HAZOP ko "idan fa?" ko FMEA: wanne ya kamata mai gidan gas ya kashe wa kuɗinsa?

Watan Afrilun da ya wuce Kawu ya kira ni da daddare ya ce in leƙo gida akwai magana. Ƙanen mahaifiyata ne, ɗan kasuwa, ya fi shekara talatin yana harkar hatsi, yanzu kuma ya shiga harkar gas ɗin girki, ya sayi fili a bayan gari ya kafa tanki ɗaya mai cin tan 20 da rumfar ɗura tukwane. Da na je na tarar da takardu uku a gabansa daga kamfanoni uku masu aikin tantance haɗari. Na farko ya ce zai yi masa HAZOP, na biyu ya ce zai yi wanda Turawa ke kira What-If haɗe da jerin tambayoyin dubawa, na uku kuma ya rubuto FMEA da LOPA a shafi ɗaya kamar abu ɗaya ne, kuma kuɗin na farkon ya kusa ninka na biyun sau uku. Kawu ya turo min takardun ya ce "kai da kake wannan aikin gaya min wanne ne na gaske, ni dai kada in zubar da kuɗi a banza kuma kada in kashe 'ya'yan mutane." Na ce Kawu ku ba ni zuwa jibi in je in ga wurin tukuna, don wallahi ba a zaɓar wannan abin daga falo.

Na san akwai irin Kawu da yawa yanzu, gidajen gas sai ƙaruwa suke daga Kano zuwa Gusau zuwa Maraɗi, ga masu haɗa takin zamani, ga masu tace man gyaɗa da waken suya da sinadarin hekzen, duk suna cin karo da waɗannan haruffan, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gaya masa.

Abu na farko da sai mun rabe shi ne, tsaron lafiyar ma'aikaci daban, tsaron abin da ke cikin tanki daban. Hular kwano da takalmi mai ƙarfe da safar hannu suna kare mutum ɗaya daga faɗuwa ko yankewa, amma ba su da abin da za su yi ranar da gas ya ɓalle daga bututu. A matatar Texas City ta kamfanin BP a Amurka alƙaluman ƙananan raunuka suna nuna komai lafiya, sai ga shi ranar 23 ga Maris 2005 an cika wata hasumiyar tace mai har ta yi ambaliya, tururin man ya kama wuta ya fashe, mutum 15 suka mutu, wajen 180 suka jikkata, kuma waɗanda suka mutu suna ciki ko kusa da ofisoshin wucin gadi da aka ajiye dab da wurin. Toh duk hanyoyin nan da za mu kwatanta, tambayarsu ɗaya ce, ta yaya abin da ke ciki zai fito waje, me zai faru in ya fito, me ke tsakaninmu da hakan. Bambancinsu yadda suke yin tambayar ne da kuma inda idonsu ke makancewa.

Gas ɗin girki kuwa ba abin wasa ba ne, a tanki ruwa ne, lita ɗaya in ta fita tana zama tururi wajen lita 250, ya fi iska nauyi saboda haka ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake a ƙasa ya bi gangare ya shiga kwata da rami, kuma da ya kai kamar kashi 2 cikin 100 na iskar wurin tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ku riƙe wannan don zai dawo.

Bari in fara da HAZOP tunda shi ne mai suna kuma shi ne mai tsada. Kamfanin sinadarai na ICI a Ingila ne ya fito da shi a shekarun 1960, wani injiniyansu Trevor Kletz ya yi ta yaɗa shi, yanzu har ƙa'idar duniya gare shi, IEC 61882. Yadda ake yi shi ne a kawo zanen bututu da na'urori na wurin, wanda injiniyoyi ke ce wa P&ID, a yanka shi gaɓa gaɓa, misali daga bakin tiyon tanka zuwa bawul ɗin shiga tanki gaɓa ɗaya kenan, sai a zaunar da mutum biyar zuwa bakwai da shugaba da marubuci, a ɗauki kowace gaɓa a riƙa jefa mata wasu kalmomi tsayayyu: babu, ya yi yawa, ya yi kaɗan, ya juya baya, har da wani abu, wani ɓangare kawai, wani abu daban. Ana haɗa kowace kalma da gudu ko matsi ko zafi ko cikar tanki. Babu gudu, me zai jawo, bawul a rufe famfo na juyawa, me zai biyo baya, me zai hana. Gudu ya juya baya, me zai jawo. Haka za a yi ta yi har a gama gaɓar a shiga ta gaba. Yana da gajiyarwa sosai, shi ya sa shugaban da ya san aikinsa ba ya barin a wuce awa biyar ko shida a rana, bayan azahar ƙwaƙwalwa ta riga ta tafi gida.

Ƙarfinsa shi ne ba ya jiran wani ya tuna, kalmomin ne ke tilasta maka ka yi tambayar da ba ta taɓa zuwa ranka ba. Amma yana da sharaɗi mai nauyi wanda masu kawo takardar farashi ba sa faɗa, wato zanen ya zama daidai da abin da ke ƙasa. Da na je wurin Kawu na karɓi zanen da ɗan kwangila ya bar masa, na bi bututun da ƙafa ina riƙe da takardar, kafin in kai tanki na ga wurare uku da suka saɓa, akwai wani gajeren bututu na kewaye da aka ƙara a gefen famfo wanda babu shi a zanen sam, bawul ɗin da zanen ya nuna kafin mita kuma a zahiri bayan mita yake. In da an kai wannan zanen ɗakin taro na otal an yi masa HAZOP na sati guda, da an tantance haɗarin wani gidan gas ne da babu shi a duniya, an ba Kawu littafi mai kauri ya sa a kabad.

Na biyu, na "idan fa?", shi ne mafi sauƙin fahimta don kowa ya iya shi tun yana yaro. Idan direba ya ja mota tiyo na haɗe fa? Idan an ɗauke wuta ana tsakiyar sauke gas fa? Idan an kawo tukunya mai tsatsa a gindi fa? Ana rubuta tambayar, abin da zai biyo baya, kariyar da ake da ita, da abin da za a gyara da sunan wanda zai gyara da rana. Sai a bi bayansa da jerin tambayoyin dubawa da aka gina daga ƙa'idojin gas da haɗurran da suka faru a baya, tazarar tanki da katanga, wayar atin da ke sauke lantarkin jikin mota zuwa ƙasa, weji a ƙarƙashin taya, ranar da aka gwada bawul ɗin sakin matsi, da sauransu, don a kamo abin da hira ta manta. Kada wani ya raina shi ya ce na talaka ne, dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta 1992 kan tsaron masana'antu masu haɗari ta lissafa shi cikin hanyoyin da ta amince da su, a jeri ɗaya da HAZOP da FMEA.

Rauninsa a fili yake, iyakar sanin mutanen da ke zaune iyakar tambayoyin da za a yi. In ka tara manaja da akanta da wani ƙwararre da bai taɓa riƙe tiyo ba za su yi tambaya ashirin su ce sun gama. Amma in ka kawo mutanen da suka dace, kuma ka fito da su daga ofis kuka tsaya a filin, yana ganin abin da HAZOP ba zai taɓa gani a takarda ba. Ranar da muka yi na Kawu na ce a kira min yaron da ke ɗura tukwane, da mai kula da famfo, da direban tanka ɗaya, da Baba maigadi. Da farko duk sun yi shiru saboda Alhaji na wurin, sai na roƙi Kawu ya ɗan ba mu wuri, yana fita baki ya buɗe. Mai famfo ya ce "Yallaɓai gejin nan na tanki wani lokaci maƙalewa yake, sai na ɗan ƙwanƙwasa shi da sifana yake motsi." Ya faɗe shi kamar ba komai ba ne, don shi a wurinsa ya riga ya samo maganin matsalar. Baba maigadi kuma na tambaye shi da sanyin hunturu yaya yake yi da dare, ya nuna min wani lungu bayan ɗakin janareta inda baƙin toka yake har lokacin, ya ce nan yake ɗan hura wuta. Na ɗauki bokitin ruwa na zuba a gindin wurin sauke gas muka tsaya muna kallon inda zai bi, ruwan ya gangara ya shiga kwata, kwatar ta bi ta ƙarƙashin katanga ta fita waje, muka zagaya muka ga inda ta ɓulla, taku kaɗan daga teburin mai shayi da ke kunna murhu tun asuba. Jikina ya yi sanyi wallahi. Babu zanen injiniya a duniya da zai nuna maka mai shayin nan.

Kuma wannan ba tsoro ne na banza ba, a Sabon Tasha ta Kaduna ranar 4 ga Janairu 2020 wani shagon ɗura gas ya fashe, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, shi ba ma'aikacin shagon ba ne, kusa da wurin kawai yake. A Nnewi ma jajiberin Kirsimeti na 2015 tanka na sauke gas mutane kuma sun taru da tukwanensu suna jiran a ɗura musu wuta ta tashi. Tambayar "idan ana saukewa ana kuma sayarwa a lokaci guda fa?" tambaya ce ta minti ɗaya, kuma amsarta ba ta cin ko kwabo, a rufe ƙofa a dakatar da ciniki har tanka ta fita.

Toh amma kada ku ce na gama da HAZOP, don a rana ta biyu shi ya kamo abin da dukkanmu muka tsallake. Bayan mun gyara zanen da jan biro ya dace da ƙasa, na ce mu ɗauki gaɓa biyu kawai mu yi musu kalmomin nan, layin sauke gas da layin famfo zuwa rumfar ɗurawa. Muna zuwa "matsi ya yi yawa" a layi na biyu sai muka lura akwai bututu mai tsawon kamar mita goma sha biyu tsakanin bawul biyu, kuma al'adar yaran ita ce in za a tashi cin abinci a rufe duka biyun, kenan an kulle ruwan gas a ciki ba shi da wurin numfashi, ga shi bututun a rana tsaka, a watan Afrilun da zafi ke haura digiri 40 a inuwa balle ƙarfen da rana ke duka. Ruwan gas in ya ɗumama kumbura yake fiye da ruwan sha nesa ba kusa ba, shi ya sa ba a cika tanki ko tukunya fiye da kashi 80 zuwa 85, in kuwa ya cika bututu maƙil ba wurin kumbura, zafi kaɗan zai ƙaru matsi ya yi tsalle har gasket ko tiyo ya buɗe. Maganinsa wani ɗan ƙaramin bawul ne na sakin matsi da ake sa wa duk inda za a iya kulle ruwa tsakanin bawul biyu, kuma babu shi a wurin. Kwana guda muka yi muna "idan fa, idan fa" ba wanda ya kawo wannan, don ba abu ne da ido ke gani ba, sai kalma ta tilasta ka.

Akwai kuma HAZOP da ake yi wa matakan aiki ba bututu ba, a ɗauki takardar yadda ake yin wani aiki mataki mataki a tambayi kowanne, in an tsallake shi fa, in an yi shi kafin lokacinsa fa, in an juya jerin fa. Wannan na fi so a yi wa aikin tsiyaye ruwan da ke kwanciya a gindin tanki a ƙarƙashin gas, saboda abin da ya faru a matatar Feyzin ta Faransa ranar 4 ga Janairu 1966. Ma'aikaci ya je tsiyaye ruwa daga ƙarƙashin wani katon tankin furofen, wato ɗaya daga cikin nau'o'in gas ɗin girki, bawul biyu ne a jere kuma akwai jerin da ake buɗe su, aka saɓa jerin, sanyin gas mai fita ya daskarar da bawul ɗin ya ƙi rufuwa, tururi ya malala har titi, wata mota ta kunna shi, wuta ta dawo ta yi ta dukan tankin har ya tsage ya fashe, mutum 18 suka mutu da yawansu 'yan kwana-kwana. Wannan fashewar ita ake kira BLEVE, kuma ita ce mafi munin abin da zai iya samun gidan gas. Na tambayi mai famfon Kawu yaya yake tsiyayewa, ya nuna min, bawul ɗaya ne tal a layin.

Shi kuma FMEA wata dabba ce daban. Sojojin Amurka ne suka fara rubuta shi a 1949, daga baya masu ƙera motoci da jirage suka rungume shi. Shi ba ruwansa da gudu ko matsi, na'ura yake ɗauka ɗaya bayan ɗaya ya ce ta wace hanya za ki lalace, in kin lalace me zai faru, za mu gane kafin ki yi ɓarna? Sai a ba muni maki 1 zuwa 10, yawan faruwa 1 zuwa 10, wuyar ganowa 1 zuwa 10, a ninka su. A wurin Kawu inda ya yi amfani shi ne famfon ruwan kashe gobara, don da muka warware shi gunduwa gunduwa sai ga shi famfon na lantarki ne, in an ɗauke wuta sai janareta, janaretan kuma batirinsa ake cirewa a tada motar kai kaya in nata ya mutu, kuma a tsarin gaggawa abu na farko da ake yi in gas ya zube shi ne kashe wutar wurin gaba ɗaya, kun ga kenan ranar da ake buƙatar ruwan ranar ce ba za a same shi ba. Wannan aikin awa biyu ne ni da makanike. Amma a ce FMEA shi kaɗai ne binciken gidan gas, a'a ban yarda ba. Lalacewa ɗaya yake kallo a lokaci guda alhali manyan haɗurra haɗuwar abu uku ko huɗu ne, ba ya ganin kuskuren mutum sosai, kuma lissafin makin nan yana da tarko, abin da zai kashe mutum hamsin amma ba kasafai yake faruwa ba zai iya samun maki ƙasa da ɗigar mai a famfo da ke faruwa kullum, in mutum ya bi lamba kawai sai ya gyara ɗiga ya bar kisa. Duk abin da muninsa ya kai 9 ko 10 a ware shi gefe ko nawa jimillarsa ta kama.

LOPA kuwa kamfani na uku ya yi kuskure da ya jera shi kamar madadin sauran, don shi ba ya nemo haɗari, sai an nemo an kawo masa. Aikinsa ya ɗauki labari ɗaya mai muni, misali tanki ya cika ya wuce iyaka, ya ƙirga katangun kariya da ke tsakaninka da shi ya ce sun isa ko ba su isa ba, da lissafi na goma goma. A bisa al'ada ana ɗaukar mutum da zai ji ƙararrawa ya ɗauki mataki, in yana da isasshen lokaci da horo, zai gaza sau 1 cikin 10, bawul ɗin sakin matsi da ake gwadawa a kan kari sau 1 cikin 100. Daga nan ake sanin ko ana buƙatar na'urar kashewa mai sarrafa kanta da kuma matakin SIL ɗinta, wato yawan amincin da ake buƙata daga gare ta. Ni abin da na fi ƙauna a LOPA ba lambobin ba ne, sharaɗinsa ne cewa kowace katanga ta tsaya da ƙafarta kuma a iya gwada ta. Takardar ɗan kwangilar Kawu ta lissafa kariya uku daga cikar tanki, geji, ƙararrawa, da ma'aikaci mai lura. Da muka bi waya sai ga shi ƙararrawar daga gejin take karɓar saƙo, ma'aikacin kuma gejin yake kallo, gejin kuwa shi ne wanda ake ƙwanƙwasawa da sifana. Uku a takarda, ɗaya a ƙasa, ɗayar ma gurguwa. A ma'ajiyar mai ta Buncefield a Ingila ranar 11 ga Disamba 2005 gejin tanki mai lamba 912 ya maƙale, makunnin da ya kamata ya tsayar da ɗurawa in an kai maƙura shi ma bai yi aiki ba, fetur wajen tan 300 ya malalo, tururinsa ya fashe da sanyin safiyar Lahadi, mutum sama da 40 suka jikkata, Allah Ya sa ba ranar aiki ba ce. Mai tanki ɗaya ba ya buƙatar biyan cikakken LOPA, amma tambayar nan ta "wannan katangar da waccan uwarsu ɗaya?" kyauta ce, a yi ta a kan manyan labarai uku ko huɗu.

Akwai wani zane da nake so a yi a ƙarshe ko wace hanya aka bi, Turawa na kwatanta shi da ɗaurin wuyan kwat, ni kuwa kalangu nake gani, faɗi a hagu faɗi a dama tsukakke a tsakiya. A tsakiya ka rubuta "gas ya fita", a hagu abubuwan da ke jawo shi da katangun da ke tare su, a dama abin da zai biyo baya da abin da zai rage ɓarna. Ba ya gano sabon abu, amma shi ne kaɗai cikinsu da za ka rubuta da Hausa ka manna a bango yaron rumfa ya gane inda shi yake a ciki.

Toh wanne za ka zaɓa? In wurinka ajiya ne da ɗurawa kawai, tanki ɗaya ko biyu, tsarin da aka yi dubunsa a duniya kuma ƙa'idojinsa a rubuce suke, ka ɗauki "idan fa?" da jerin dubawa, a yi shi a filin ba a otal ba, ka sa a cikin yarjejeniya cewa sai an bi bututu an gyara zane, kuma a ƙara HAZOP na yini ɗaya a kan layin saukewa da layin famfo da matakan tsiyayewa. In kuwa wurinka ana dafa sinadari ko tacewa ko haɗa abubuwan da ke iya yin zafi da kansu, ko akwai na'urori masu sarrafa juna da yawa, irin matatar Kaduna ko SORAZ ta Damagaram ko masana'antar tace mai da hekzen ko wurin sanyi mai amfani da amoniya, nan babu ciniki, cikakken HAZOP ne da shugaba wanda ba ɗan kamfanin da ya zana wurin ba, LOPA ya biyo baya a kan masu muni. FMEA ka ajiye shi don injina, famfon gobara, kwamfuresa, bawul ɗin gaggawa, ka ba makanikenka da mai lantarki. Kuma kafin ka sa hannu da kowa ka je ofishin NMDPRA, hukumar da dokar man fetur ta Najeriya ta 2021 ta kafa ta gaji aikin tsohuwar hukumar DPR a wannan ɓangaren, ka ji da kunnenka wane irin rahoto suke nema ga lasisin irin wurinka, kada ka ji daga bakin mai son sayar maka da aiki.

Wajen tantance kamfanin kuma ni tambayoyina ba su da yawa. Kwana nawa za ku yi a filin? Su wa za ku zaunar? In ya ce ba ya buƙatar ma'aikatanka, ka turo masa zane kawai ta WhatsApp zai haɗo rahoto, ka sallame shi, na taɓa karanta wani rahoto da aka kai wa wani mai gidan gas a Arewa yana maganar haɗarin ambaliyar teku, an kwafo ne daga na wani wuri ko sunan garin ba a gama gogewa ba, kuma mutumin ya biya. Ka nemi ya nuna maka shafin shawarwari na wani aikin da ya yi a baya, in ka ga "a ƙara kula" da "a horar da ma'aikata" sun cika shafin ba sunan mai yi ba rana, shi ma haka naka zai zo.

Sannan duk binciken da ka zaɓa, yana tsufa ranar da ka canza wani abu. A Flixborough ta Ingila an cire wata tukunyar sinadari da ta tsage aka haɗa bututun wucin gadi mai faɗin inci 20 a gurbinta, zanensa da alli aka yi a daɓen wurin gyara, ba wanda ya zauna ya lissafa ko zai ɗauka, ranar 1 ga Yuni 1974 ya ɓalle mutum 28 suka mutu. Ɗan bututun kewayen nan da na gani a gefen famfon Kawu ɗan'uwansa ne, wani mai walda ne ya ƙara shi rana ɗaya don a samu a ci gaba da ciniki. Ko canza inda kake sayo gas canji ne, don wanda furofen ya yi yawa a cikinsa matsinsa a zafinmu ya ninka na butan, wato ɗaya nau'in gas ɗin, sau uku ko fiye, tiyo da tukwanen da suka saba da ɗaya ba lallai su ji daɗin ɗayan ba. Dokar Amurka ta ce a sake duba binciken duk shekara 5 ko ba a canza komai ba, ni ma haka nake ba da shawara.

Kawu dai kamfani na biyu ya ɗauka, da sharaɗin ƙarin yinin HAZOP ɗin da kuma zaman ma'aikatansa a ciki, rarar kuɗin da ke tsakaninsa da na farko kuma ita aka sa aka sayi sabon geji da makunnin cika mai zaman kansa, da ƙananan bawul ɗin sakin matsi guda biyu, da bawul na biyu a layin tsiyayewa, da famfon gobara mai injin dizal nasa na kansa. An toshe kwatar an juya ta ta zube a wani fili cikin harabar nesa da katanga. Mai shayi Kawu da kansa ya je ya same shi da mai unguwa, aka gina masa rumfa a ɗaya ɓangaren titi. Baba maigadi an saya masa bargo biyu da rigar sanyi an kuma mayar da ɗakinsa bakin ƙofa. Bututun kewayen nan har yanzu yana nan an dai sa masa kwaɗo makulli na hannun manaja, ban gamsu ba, na gaya wa Kawu a cire shi gaba ɗaya, ya ce sai tanki na biyu ya iso bayan sallah za a yi aikin walda sau ɗaya bayan an kwashe gas an wanke layin, na ce toh amma kafin a sauke tankin daga kan mota za mu sake zama da su mai famfo da zanen a hannu, ya ce in sa rana.